Malamin da ya fara shan zafin tanderu kafin ya riƙe alli

Duk lokacin da aka tayar da zancen masana'antar ƙarfe, hankalin mutane kan injuna da biliyoyin kuɗi yake tafiya. Ni kuwa Adolf Ledebur nake tunawa, wani Bajamushe da aka haifa a garin Blankenburg a 1837, ya rasu a Freiberg a 1906.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne hanyar da ya bi. Ba daga aji ya faɗa aji ba. Sai da ya shafe sama da shekara goma a gidajen narkar da tama da na zubi, a yankin tsaunukan Harz, da Balin, da Gröditz. Ya tsaya a bakin tanderu narkakken ƙarfe na kwarara jajir, ya ga yadda zubi ke tsagewa idan ya huce ba daidai ba, ya san haushin ma'aikacin da aikin yini guda ya lalace a hannunsa. A 1875 ne aka ba shi kujerar farfesa a makarantar ma'adinai ta Freiberg, wadda aka kafa tun 1765. Da ya zo sai ya buɗe ɗakin gwajin ƙarfe, domin kada ɗalibi ya tsaya ga haddar abin da ke takarda. Ya rubuta babban littafi kan narkar da ƙarfe wanda aka yi ta sake bugawa, daga baya ma ya shugabanci makarantar.

Har gobe ɗaliban injiniya suna cin karo da sunansa. Akwai wani tsari da ke bayyana a cikin ƙarfen zubi idan kabon ya kai kashi 4.3 cikin ɗari, yana daskarewa a zafin digiri 1147 a ma'aunin Celsius. Ledeburite ake ce masa.

Amma ni a wurina babban gadonsa ɗalibai ne, musamman na Japan. Noro Kageyoshi ya zauna a gabansa a shekarun 1880. Da Japan ta gina masana'antar ƙarfe ta Yawata, kamfanin Jamus ne ya tsara ta, injiniyoyin Jamus suka zo, aka kunna tanderu a 1901. Shekara na zagayowa ya tsaya cak. Gawayin kwal ɗin da ake zuba masa ba shi da kyau, ƙirar tanderun ma ba ta dace da kayan da ke ƙasar ba. Wa aka kira? Noro. Ya bincika, ya gyara tanderun, ya sa aka inganta gawayin, a 1904 wuta ta kama ta zauna.

Wallahi wannan labarin yana taɓa ni, domin ba na iya karanta shi ban tuna Ajaokuta ba, inda Shehu Shagari ya aza harsashi a 1980 amma har yau babban tanderun bai taɓa narka tama ba. Matsalar can tana da sassa da yawa, siyasa da kuɗi da rashin riƙon amana duk suna ciki. Sai dai Japan ma ta sayo kayan waje, kuma nata ma ya tsaya. Bambancin shi ne tana da ɗan ƙasa da ya koyi aikin a hannun gwani, kuma da abin ya cije, hukuma ta neme shi ta saurari maganarsa.