Ha babba da ha ƙarami

Azumin nan da ya wuce aka kira mu buɗa-baki gidan surukaina a Kwarbai. Kun dai san Hajiya, tun da ta dawo Umra komai nata sai na Larabawa. Bayan kunu da ƙosai sai ga wani farin abu a ƙananan kofuna, madara ce da sukari da garin shinkafa aka dama har ya kama jikinsa, yana ta ƙamshi. Ta ce sunansa muhallabiyya.

Da na ja bakina na sha abina, da har yau ina da mutunci a gidan nan. Ina! Sai da na gyara zama, na ɗaga cokali sama, na ce ai sunan a fili yake, daga halib ne, wato madara da Larabci. Har da ƙarawa, "ai mu ma mun ɗan taɓa karatun."

Baba Malam bai tanka ba. Autansu ya kira, yaron nan da ko izu biyar bai haɗa ba, ya ce ɗauko allonka. Ya rubuta kalma biyu ya miƙa masa. Yaro ya duba allo, ya dube ni, ya sake duba allo, ya ce, "Yaya, wannan ha ƙarami ne, wannan kuma ha babba." Halib da ha ƙarami ake rubuta shi, muhallabiyya da ha babba. Mu Hausawa duk ha muke cewa, abin da ya kai ni ya baro ke nan. Cokalin nan fa yana sama har lokacin, na rasa yadda zan sauke shi.

Sannan Baba ya fara, a hankali, yana ɓare dabino. Ya ce abin da aka ruwaito, sunan mutum ne: Muhallab ɗan Abi Sufra, sarkin yaƙin Banu Umayya da ya yi gwamnan Khurasan, ya rasu wajen 702 Miladiyya. Wai wani kuku mutumin Farisa ya dafa masa, ya ji daɗinsa, aka laƙaba wa abin sunansa. Ya ce a Bagadaza ta ƙarni na 10 har da nama ake yin wani irinsa. "Amma ba ka yi nisa ba," in ji shi, "madarar tana nan cikin kofi."

Wanda ya fi ƙona min rai mijin yayar matata ne, mai tayoyin nan na Sabon Gari. Mutumin da ko alif bai sani ba sai ya ga sanda, shi ne ya yi dariya har ya ƙware, aka ba shi ruwa, ya huce, ya ci gaba. Kuɗina na hannunsa tun bikin ƙanwarsa, bai taɓa ɗaga zancen ba, amma yanzu ko daga kan mashin ya hango ni a Tudun Wada sai ya ƙwala, "Malam Halibu!" Yaran shagonsa ma sun ɗauka.

Kofina ban ƙarasa ba ranar, na ce na ƙoshi. Matata ta juyo sauran a kula, na shanye da sahur. Da daɗi kam.