Riga mai ruwan hoda ba ta warkar da sankarar bakin mahaifa

Kowace Oktoba sai mu sake kallon wasan nan: riguna masu ruwan hoda, tattaki a kan kwalta, jawabin manya, hoto a Facebook, kowa ya koma gida. Wai wayar da kai kan sankarar mata. To, matar Mirriah ko Magariya da aka wayar wa kai, ina za ta nufa washegari?

Sankarar bakin mahaifa ba ɓoyayya ba ce. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar kwanciyar aure, ke haddasa ta, nau'i na 16 da 18 kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Kuma ba ta gaggawa: takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin tabon farko ya rikiɗe ya zama sankara. A tsawon shekarun nan, ungozomar da aka horar za ta iya shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, wurin da ya lalace ya yi fari, a ƙone shi ko a daskarar da shi a zama ɗaya. Mintoci ne. Wannan damar muke zubarwa, muna ɗinka riguna.

Abin da ke faruwa kowa ya sani. Mace na ganin jini bayan kwanciyar aure, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, a ce mata sanyi ne, a haɗa ta da mai tallan magani. Kafin ta isa likita ta wuce mataki na 1, inda tiyata ke iya raba ta da cutar. A mataki na 3 ko 4 sai gashi da na'ura da ƙarin ruwan magani, na'urar kuwa tana Yamai, ita ma sai 2021 aka buɗe ta. Kusan kilomita 900 daga Damagaram. Tun 2007 dokar Nijar ta ce maganin sankarar mata kyauta ne. Dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki.

Masu cewa matanmu ne ke jin kunyar awo, su fara ajiye kayan awon a CSI, wato ƙananan cibiyoyin lafiya, tukuna, sannan mu auna kunyar. Masu yaɗa cewa rigakafin HPV na hana haihuwa kuwa, sankarar ce ke sa a cire mahaifa ɗungurungum.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa'adin 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin shekara 15, a auna kashi 70 na mata. Kuɗin riguna da na lasifika su koma horar da ungozomomi, a kuma faɗa mana mata nawa aka auna bara a jihar Damagaram, nawa aka yi wa magani.