Ga Mai Cewa Mu Jikokin Karen Mota Ne

Labari ya iso mini cewa a wani ɗaurin aure da aka yi a cikin garin Gombe makon jiya, wani bawan Allah ya gyara zaman babbar rigarsa, ya shaida wa jama'a cewa gidanmu ba gidan asali ba ne, wai jikokin karen mota ne kawai da suka tsinci dami a kala. Ban ji haushi ba, domin rabin maganar gaskiya ce: kakanmu Baffa ya yi karen mota, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ɗaya rabin ne nake so in gyara, saboda yaranmu masu tasowa, kuma saboda na lura mai maganar yana fama da mantuwa.

Baffa ya auri Dada a wani ƙauye na ƙasar Kwami a 1963, shekarar da layin dogo ya iso Gombe, kuma da fam da sule aka biya sadakinta, tunda naira ba ta fito ba sai 1973. Abin da ya mallaka a lokacin bai wuce gonar gado ɗaya da fartanya da jaki ba, ita kuwa ta tare da karsana guda wadda mahaifinta ya ba ta. Auduga ce kuɗin ƙasar nan a wancan zamani, sai dai ba kowace auduga ke kawo kuɗi ba, sai wadda ta samu lamba ɗaya a kasuwa. Saboda haka idan Baffa ya ciro ta daga gona, Dada takan baje ta a tabarma bayan sallar isha'i, ta kunna aci-balbal, ta bi ta sili-sili tana tsince busasshen ganye da wadda tsutsa ta ɓata, har sai idonta ya fara ruwa. Da asuba kuma ta tashi ta hau suyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, kuɗin ya tafi adashi.

Da rani, maimakon ya zauna a gindin bishiya yana lissafa asalin mutane kamar yadda wasu suka ƙware, Baffa yakan shigo Gombe ya bi motocin da ke kai auduga gidan gurza, a unguwar da har yau ake kira BCGA. Shi ne mai wanke mota, shi ne mai ɗaure tamfol, shi ne mai dirowa da gudu ya cusa katako a bayan taya idan mota ta gaza hawa tudu, kuma a kan lodi yake kwana cikin sanyin hunturu. A haka ya koyi tuƙi ya samu lasisi, ta yadda lokacin da aka canza hannu a watan Afrilun 1972, aka koma bin dama, shi ya riga ya zama direban da ake ba amanar mota.

To, ga damin da ake cewa mun tsinta. Karsanar nan ta Dada ta hayayyafa, farin 1973 ya ci wasu, Allah ya bar wasu. Da aka samu wata tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako ta sayarwa, Dada ce ta ce a kaɗa shanunta biyar a kai kasuwa, ta kwance kuɗin adashinta ta ɗora a kai, aka haɗa da kuɗin audugar shekara biyu. Da kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979 lodi ya yawaita, daga baya kuma Baffa ya riƙa ɗaukar wake da masara daga Tudun Hatsi, ya bi ta Numan da Wukari da Makurɗi har Anacha, ya juyo da manja. Yakan yi mako biyu bai ga gida ba, kuma duk tsawon lokacin Dada ce ke sallamar 'yan ƙwadago, ita ke sanin ranar da za a yi maimai da ranar da za a sa garmar shanu. Ko da motar ta faɗi da waken mutane wata shekara, gonar fadama ya sayar ya biya kowa hakkinsa, bai gudu ba, bai kuma je gaban alƙali yana rantsuwa ba.

Abin da ya sa na ce akwai mantuwa shi ne, a shekarun da Gombe ke ƙarƙashin Jihar Bauchi, kafin a ba mu tamu a 1996, akwai wani gida da buhun masara ke sauka a ƙofarsa da daddare don kada maƙwabta su gani. Akwai kuma wani yaro na wannan gida da ya samu makarantar kwana a Bauchi, babu kuɗin mota, sai Baffa ya riƙa ɗora shi a kan buhuna kyauta, yana rungume da akwatin ƙarfe, kafin a kai Alkaleri ya yi amai sau biyu, karen motar da ake rainawa ne kuma ke wanke masa riga. Ban ambaci sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Baffa yana da wani littafi da yake rubuta bashi da ajami, yana nan a cikin adakar Dada. Jiya na roƙe ta ta ba ni in ɗauki hoton shafi ɗaya tak, ta harare ni ta mayar da makullin cikin lalitarta. Sai da na kai bakin ƙofa ta kira ni, ta ce, "Kai maigidan, in kun haɗu ka ce ina gaishe shi, ka kuma tambayar mini shi ko har yanzu mota tana sa shi amai."