Tsohon da ya daina zuwa majalisa

A Tawa ta Jamhuriyar Nijar, idan dattijo ya janye daga majalisar ƙofar gida, ya rage zuwa suna da ɗaurin aure, amsarmu a shirye take: "Ai tsufa ne." Wasu ma yabo suke yi, su ce Baba ya saki duniya ya kama tasbaha. Akwai masu janyewa don ibada, ba na musun wannan. Amma da yawa daga cikin waɗanda muke yi wa wannan shaida ba su zaɓi zaman ɗaka ba. Ido ne ya yi hazo, kunne ya yi nauyi, suka gaji da jin kunya a gaban mutane, sai suka zauna gida.

Zaman Bahaushe a kan gaisuwa aka gina shi. Wanda aka gaisar bai amsa ba, an gama yanke masa hukunci kafin ya wuce kwana: girman kai, ko yana riƙe da wani a zuci. To, tsohon da yanar ido ta rufe wa gani ba ya shaida fuskar surukinsa daga nesa. Tsohuwar da jinta ya ragu, a ce mata "Inna, ya jiki?" ta amsa da zancen farashin hatsi, yara su tuntsire da dariya. Sau ɗaya za ta yi dariyar tare da su. A na uku ba za ta fito ba. Daga nan ta bar zuwa barka, ta bar zaman adashi, ta aika jikanya da kuɗin zubi. Shi kuwa namiji jam'in Asuba da Isha'i ne farkon abin da yake rasawa, domin hanyar masallaci a duhu ga mai raunin gani hanyar karaya ce, kuma mun san yadda karayar ƙugu ke ƙarewa da mai shekara 75.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna girman abin. Rahotonta na 2019 a kan gani ya ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar ido, kuma aƙalla biliyan 1 daga cikinsu matsalarsu irin wadda ake iya karewa ko gyarawa ce. Na 2021 a kan ji ya ce mutum miliyan 430 na bukatar taimako saboda raunin ji. A cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da ɗaya cikin huɗu jinsa ya ragu har yana hana shi harkokinsa. Sai ka ƙirga dattawan sahun gaba a masallacin unguwarku.

Inda abin ya fi ciwo shi ne idan biyun suka haɗu. Mai nauyin kunne da ido yake cike giɓi: yana kallon leɓen mai magana, yana karanta fuska. Mai raunin gani kuma da murya yake shaida mutane. Idan duka biyun suka ja baya, ba sauran mai tallafar wani. A nan ne ladabinmu, wanda nake alfahari da shi, yake cutar da su ba da saninmu ba. An koya mana idan za mu yi wa babba magana mu durƙusa nesa kaɗan, mu sunkuyar da kai, mu sassauta murya. Wato mun ɓoye bakin da yake karantawa, mun rage sautin da dama da kyar yake kamawa. Idan ya ce "Na'am?" sau biyu, sai mu tsallaka zuwa ihu. Ihun ba ya gyara komai, domin raunin jin tsufa siraran sauti yake fara ɗaukewa, irin su s da sh da f da ts, ya bar masu kauri. Shi ya sa za ka ji tsoho yana cewa yana jin murya amma ba ya gane magana. Abin da yake bukata shi ne a matso kusa, a fuskance shi cikin haske, a kashe rediyo, a yi magana daki-daki. Jikan da ya kalli kakansa ido da ido don ya ji shi bai yi rashin kunya ba, ko da me goggo za ta ce.

Asarar kuma ba tasu kaɗai ba ce. Wa ya san inda iyakar gonar gado ta tsaya kafin a sare bagaruwar da ke shaida? Wa ya san yadda aka sasanta rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya a wancan karo? A Adar, yankinmu na Tawa, inda samari ke tafiya bida Abijan da Libiya da Najeriya, tsofaffi ne ke riƙe da gida. Saƙon murya na WhatsApp ya zo daga ɗa, uwa ba ta ji sosai, dole wani ya saurara ya faɗa mata. Sirrin gida ya fita ke nan, kuma sannu a hankali shawara ta koma hannun mai sauraron.

Likitoci sun ƙara wani gargaɗi. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya sa raunin ji da kaɗaici cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ruɗewar ƙwaƙwalwa a tsufa, a 2024 kuma ya ƙara da raunin ganin da ba a yi wa magani ba. Wani lokacin tsohon da muke cewa ya fara rikicewa tambayar ce bai ji ba, ƙwaƙwalwarsa garau take.

Na san abin da za a ce. Ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga matsalar tsaro, ina ta ga sararin idon tsoho? Hujja ce mai nauyi, kuma ba na ganin laifin gwamnati da ta fara da yara ƴan ƙasa da shekara biyar lokacin da ta kawo magani kyauta a 2006. Na'urar ƙara ji ma ba zan yi wa kowa alkawarinta ba: tana da tsada, tana cin batir, tana son mai saita ta, ƙwararrun kunne kuwa yawancinsu a Yamai suke. Mutumin Keita ko Bouza ba zai yi ta zirga-zirga don gyaran na'ura ba.

Sai dai babban ɓangaren matsalar ba ya bukatar wannan duka. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, aikinta kuwa bai cika wuce rabin awa ba, ba a ma sa mutum barci, washegari a cire bandeji. Ayarin likitocin ido kan yi shi kyauta lokaci zuwa lokaci. Tabarau na karatu, wanda zai mayar wa malami da Alƙur'aninsa, ya mayar wa tsohuwa da zare da allura, bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Wani kunnen kuma dauɗa ce kawai ta toshe shi, ma'aikacin lafiya ya wanke cikin mintuna. Abin gudu shi ne masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke, domin sau da yawa idon gaba ɗaya ake rasawa. Hawan jinin ido shi ma ba ya jira: a ɓoye yake cin gani, abin da ya ci ba ya dawowa, awo da wuri ne kaɗai ke tsayar da shi.

Kuma Nijar ta taɓa nuna tana iyawa. A watan Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar bakin kogi. Ƙasar da ta yi wannan ba za ta kasa rataye allon awon gani a kowace cibiyar lafiya ta CSI ba, ta koya wa ma'aikaci ya leƙa kunnen duk dattijon da ya zo awon hawan jini ko ciwon suga. Limamai da masu unguwa su riƙa sanar da zuwan ayarin likitoci kamar yadda suke sanar da rigakafin yara.

Ƴan bida kuma, ku da ke aiko da kuɗin hatsi da na ragon layya ba fashi, a aiken gaba ku ware na mota da na awo, ku ambaci sunan wanda zai raka Baba asibiti, ku sa rana. Idan kuka bar wa Baba zaɓi cewa zai yi a bar shi, kada a wahalar da yara.