Malamai biyu, aji shida, sannan a ce iyaye ne ba su damu ba

Wai makarantarmu ce kurar baya a sakamakon jarrabawar ƙarshen shekara. Haka wani jami'in ilimi ya zo ya karanta mana a taron iyaye da malamai, yana kaɗa takarda, har da cewa mu ne ba mu ɗauki boko a bakin komai ba. Ya gama ya shiga mota, ko ɗakin karatu ɗaya bai leƙa ba. To ranka ya daɗe, ka faɗi taka, saura tamu.

Firamare ce ta gwamnati a wani ƙauye da ke bayan garin Kaduna. Ɗalibanta duka ba za su wuce tamanin ba. Malamai biyu ne, ɗayansu kuma shi ne hedimasta, wanda kullum ana kiransa ya kai wata takarda ofis. Ranar da ya tafi, malama ɗaya ce da aji shida. Ta rubuta wa 'yan aji biyar aiki a allo, ta ruga wajen 'yan aji ɗaya, kafin ta dawo an kaure da dambe. Abin haushin shi ne a lissafin ofis ba mu da wata matsala. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, saboda haka da an raba yaranmu gida biyu sai a ce ai mun kusa daidai. Wa ya gaya muku kawuna ake koyarwa? Aji ake koyarwa, kuma ɗan aji ɗaya da ɗan aji shida ba darasi ɗaya suke ɗauka ba.

Shi ma kason waɗanda suka faɗi da ake yi mana gori da shi, a duba shi da kyau. A ɗauka 'yan aji shida goma ne. Ɗaya zazzaɓi ya kwantar da shi ranar jarrabawa, biyu suna gona, shi ke nan an rubuta kashi 30 cikin ɗari sun faɗi. A babbar makaranta ta Rigasa ko Tudun Wada, yara uku su ƙi zuwa ko a jikin alƙalumman. Amma a haka aka jera mu da su a takarda ɗaya, kamar a auna tiya da buhu a ce tiya ta gaza.

Kuma su wane ne yaran nan? Ba wanda ya tambaya. Akwai 'ya'yan Fulani da ke takowa daga ruga, waɗanda Hausar ma sai a makaranta suke daidaita ta. Akwai 'ya'yan Gbagyi, su ma da harshensu a gida. Akwai waɗanda iyayensu suka gudo daga yankin Birnin Gwari da Giwa saboda 'yan bindiga, sun shafe shekaru ba su ga allo ba. Za ka ga saurayi gandam-gandam a aji biyu, yana sunkuyar da kai don kunya. Duk waɗannan a miƙa musu tambayoyi da Turanci, sannan a yi mamakin sun bar takarda fara fat. A ƙananan azuzuwa mata sun fi yawa, amma daga aji huɗu sai su riƙa zubewa, wata talla, wata reno, wata an fara zancen aurenta. Maza kuwa da kaka ta yi, girbin masara da roron wake sun kwashe su. Ban ce iyaye ba su da nasu laifin ba. Sai dai uban da ya ga ɗansa ya kai aji biyar bai iya haɗa baƙi ya karanta sunan kansa ba, da wane baki za ka hana shi tura yaron gona?

Mu fa ba mu manta ba. A 2017 aka yi wa malaman firamare 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu a jihar nan, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su, aka yi alƙawarin ɗaukar 25,000 waɗanda suka fi su. A 2022 aka sake sallamar 2,357. Duk wannan girgizar, rabonmu malamai biyu. Wanda aka turo mana ma ba ya daɗewa, da ya ga hanya da rashin gidan kwana sai ya nemi a mayar da shi cikin gari, kuma a mayar da shi, don yana da wanda zai tsaya masa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda zancen ya dosa. Bayan sace ɗaliban makarantar garin Kuriga a watan Maris na 2024, gwamnatin jiha ta sanar da shirin haɗe makarantu 359 da wasu da ke wuraren da suka fi tsaro. Inda matsalar tsaro ce, ba mai ja. Amma kada wani ya fake da ƙarancin ɗalibai da wannan sakamako ya ce mu ma a rufe tamu. Makarantar da ke kusa da mu sai an tsallake rafi, da damina kuwa rafin cika yake yi. Wace uwa ce za ta saki 'yarta mai shekara bakwai a wannan hanya? Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, ba ta ware yaron da ƙauyensu ya yi ƙanƙanta ba. A ƙaro mana malamai, ko da uku ne, a samu mai jin Fulatanci a cikinsu, a ɗaure su da sharaɗin zama, a rufa mana ɗakin da iska ta yaye. In an yi haka shekara biyu yaran ba su motsa ba, a zo a zage mu.