Ricinulei: ƙaranci ne, ko ba mu iya nema ba?

Wanda ke zaune a Turai ya fi ganin Ricinulei cikin kwalba a gidan adana kayan tarihi fiye da ganinsa da rai. Dangin gizo-gizo ne da kaska da kunama, amma ba ya saƙa, ba ya shan jini, ba ya harbi. Yawanci tsawonsa milimita 5 zuwa 10 ne, fatarsa mai kauri, kuma ba shi da idanu. Wani murfi ne a gaban kansa, yana ɗaga shi yana saukewa a kan baki, kuma a ƙarƙashinsa macen ke riƙe ƙwanta. Ɗan yakan fito da ƙafa 6, sai ya yi saɓa sannan su cika 8.

Gida biyu gare shi a duniyar yau: kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda jinsin Ricinoides yake, sai nahiyar Amurka, daga Texas har Brazil. A Afirka ta Yamma aka samo na farko mai rai da aka bayyana a 1838, amma yanzu yawancin nau'o'in da aka sani na Amurka ne, har da masu zama cikin kogon dutse a Mexico. A ganina bambancin na yawan masu nema ne, ba na yawan halittar ba. Ricinoides atewa, mai kusan milimita 11, sai a 2008 aka bayyana shi daga dajin Atewa na Ghana, dajin da ake ta taƙaddama kan haƙar ma'adinin bauxite a cikinsa. Wannan jinkirin yana damuna.

Neman nasa sai da haƙuri. A kwashi ruɓaɓɓun ganyaye masu laima da ƙasar ƙarƙashin ruɓaɓɓen kututture, a tankaɗe da rariya a kan farin ƙyalle. A nan ake yin asara: da ya ji motsi sai ya naɗe ƙafafu ya yi kamar ya mutu, ga jikinsa cakuɗe da ƙasa, mai gaggawa sai ya zubar da shi tare da shara. A dakata, a duba kowane ɗan curi da gilashin ƙara girma. Kada a bar ƙyallen a rana, bushewa na kashe shi.

Namiji baligi ya fi amfani, domin da ƙafarsa ta uku, wadda yake barbara da ita, ake bambance nau'i. A ajiye shi cikin sinadarin itanol kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ko 95 in za a yi gwajin ƙwayoyin halitta, a jefa takardar wuri da kwanan wata cikin kwalbar, rubutun fensir.