Da an kai wannan kyamarar tsangayar garinmu

Akwai wani nau'in fim ɗin ban tsoro da Amurkawa ke ji da shi, ni dai na raɗa masa suna "an tsinci kyamara". Za a nuna maka kamar wasu ne suka tafi ɗaukar hoto suka ɓace, daga baya aka tsinci kyamararsu, abin da ta ɗauka shi kake kallo. Hoto na rawa, mai ɗauka na haki, fitila na ɗaukewa daidai lokacin da ake buƙatarta. The Blair Witch Project na 1999 ne ya buɗe kasuwar: ɗalibai uku a wani daji a jihar Maryland, kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, amma ya kawo kusan dala miliyan 250.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda suke yawan kai kyamarar yanzu. Sai an nemo wasu mutane masu addini da suka ware can bayan gari, babu wuta, babu waya, da wani dattijo mai gemu da kowa ke yi wa biyayya. A Paranormal Activity: Next of Kin na 2021, wata budurwa ce ta tafi neman dangin mahaifiyarta cikin wasu masu shiga irin ta 'yan Amish. To ni a Pennsylvania nake zaune, kuma nakan ratsa ta yankin Lancaster, inda 'yan Amish na gaske suke. Manoma ne masu keken doki, suna sayar da ƙwai da burodi a bakin hanya, kuma ba sa son a ɗauke su hoto. Ranar da na fara ganinsu, Baffana na tuna, wanda har ya koma ga Allah hotonsa ɗaya ne a duniya, shi ma don fasfon aikin Hajji.

Garinmu yana tsakanin Gumel da Maigatari. Daga gabas, bayan gonakin gero, akwai tsangayar wani alaramma. Ka je can da asuba lokacin hunturu. Duhu ne ko'ina sai wutar kara a tsakiyar kiskadi, yara sun kewaye ta da alluna, kowa na rera nasa karatun, muryoyi sun cakuɗe, hayaƙi da hazo sun rufe fuskoki. Can gefe gardi na tsaye da bulala. A zaure ana wanke allo a ƙwarya, za a kai wa wata mai naƙuda rubutu. Yanzu ka ba wa Ba'amurke kyamara, ka ce ya riƙa girgiza ta yana haki. Wallahi ba sai an ƙara komai ba, fim ya haɗu. Alhali abin da ke gudana a wurin, kolo ne ke fama da haddar izu ɗaya, cikinsa na kukan ɗumame.

Shi ya sa nake cewa rabin tsoron waɗannan fina-finai daga hannun mai kyamara yake fitowa. Shi baƙo ne, bai san harshe ba, bai san me ake yi ba, mu kuma an ɗaure mu a idonsa. A ƙauyenmu ma lissafin a juye yake: wanda ya sauka daga mota yana ɗaukar hoton yaran mutane bai gaida mai gari ba, shi ne abin tsoro. (Kuma fisabilillahi, wane Bahaushe ne aljani zai biyo shi ya ci gaba da ɗauka? Jifa zai yi da kyamarar ya kama Ayatul Kursiyyu.)

Amma ba zan ce duk ƙage ne ba. The Sacrament na 2013, wanda Ti West ya shirya, daga labarin Jonestown aka ɗebo shi. Jim Jones, wani shugaban addini, ya kwashi mabiyansa daga Amurka ya kai su dajin ƙasar Guyana, inda suka kafa matsugunin da ake kira Jonestown, kuma ranar 18 ga Nuwamba 1978 mutum sama da 900 suka mutu da guba, kusan kashi ɗaya cikin uku yara ne. Ɗan majalisar Amurka Leo Ryan da ya je duba su, a filin jirgi aka harbe shi yana ƙoƙarin fita da waɗanda suka ce sun gaji. Mu ma mun ɗanɗana. Maitatsine ya kafa tungarsa a 'Yan Awaki, kuma a Disambar 1980 rayuka sama da 4,000 suka salwanta a Kano. Shi ko daji bai shiga ba, a tsakiyar birni ya yi.

Abin da ya haɗa Jones da Maitatsine shi ne mutum ɗaya ya zama ba a tambayarsa, kuma wanda ya shiga fita sai Allah. Rashin lantarki da nisa da titi ba su ne alamar ba, amma su fim ke nunawa saboda su suka fi kyau a hoto. Tsangayarmu tana da nata laifin, yunwa da ƙazwa da dukan da ya wuce kima, kuma ban yarda a rufe wannan da sunan al'ada ba. Sai dai ko katanga ba ta da ita. Almajiri kullum yana cikin gari da robarsa, kowace uwar ɗaki ta san nata, ranar Alhamis kuma rabinsu suna kasuwar Maigatari suna dako.

Zuwana gida na bara na ɗauki waya na nufi tsangayar bayan isha'i, wai zan nuna wa abokan aikina. Alaramma ya amsa gaisuwata, ya dubi wayar ya ce, "Malam, ka bari gari ya waye mana, ka ga fuskokinsu." Na koma da hantsi. Abin da na samu minti huɗu ne na yara biyu suna rigima a kan wanda ya zubar da tawada, da akuya tana cin igiyar allo.